Karena ya balaga yana tsallake katanga: in sa a fiɗiye shi ko in jira?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ina da kare namiji ɗan wata 8, ruwa biyu ne tsakanin Alsatian da karen gida, kuma don gadi nake kiwonsa. Kwanan nan ya fara tsallake katanga da dare, yana fitsari a jikin kowane ginshiƙi, yana kuma yi wa baƙi gurnani. Maƙwabta sun ce in sa a fiɗiye shi, amma ina tsoron ya daina gadi. Me ya kamata in yi? Daga wani mai karatu a Tudun Wada, Gombe.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Abin da kake gani alamun balaga ne, domin yawancin karnuka maza suna balaga tsakanin wata 6 zuwa 12, lokacin da maraina ke fara fitar da sinadarin testosteron da yawa. Shawarata ita ce ka jira ya kai wata 12 zuwa 18 kafin a yi masa aikin, muddin kana iya tsare shi a gida.

Dalilin jiran yana cikin ƙashinsa. Kare mai girman jiki bai gama tsawo ba a wata 8, kuma wannan sinadarin yana cikin abubuwan da ke sa bakin dogayen ƙasusuwa ya rufe a kan kari. Idan aka cire maraina da wuri, ƙashin yakan ci gaba da tsawo fiye da yadda ya dace, sai daidaiton gaɓoɓi ya ɗan sauya. Binciken da aka yi a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis, a Amurka, wanda aka wallafa a 2016, ya nuna cewa karnukan Alsatian da aka fiɗiye kafin su cika shekara ɗaya sun fi waɗanda aka bari samun ciwon gaɓoɓi, musamman tsinkewar jijiyar gwiwa. A karnuka masu ƙaramin jiki wannan haɗarin bai taka kara ya karya ba, amma naka ya gaji girma, kuma karen gadi da ƙafa yake aiki.

Game da tsoron da kake yi, fiɗiya ba ta hana kare gadi, domin kishin gida da haushi ga baƙo sun fi dogara ga jinsi da tarbiyya. Abin da takan rage shi ne yawon bin macen da ke neman barbara, da yawan fitsarin shata iyaka, da hawan wasu karnuka, da kuma faɗa tsakanin maza, kodayake ba a kowane kare ake ganin sauyin ba. Gurnanin da yake yi wa baƙi kuwa yana bukatar lura ta daban: idan yana yinsa ne yana ja da baya, kunnuwa a kwance, wutsiya a matse, to tsoro ne, kuma aikin tiyata ba ya maganin tsoro, wani lokaci ma yakan ƙara shi. Maganinsa horo ne cikin haƙuri, da saba masa da mutane sannu a hankali, ba duka ba.

Sai dai sharaɗin da na gindaya yana da nauyi, kuma a garuruwanmu shi ne yakan yanke hukunci. Karen da ke fita da dare yana cuɗanya da karnukan da ba a taɓa yi musu rigakafi ba, ta nan kuma yake iya kwaso ciwon haukan kare, wanda da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai ya rayu. Akwai kuma wani ƙari da ake ɗauka ta barbara, mai fitowa a al'aura yana zubar da jini, kuma yana da yawa a tsakanin karnukan da ke yawo. Ga mota, ga guba, ga rigima da maƙwabta. Idan ka ƙara tsawon katanga, ka gina masa ɗaki mai inuwa, kana fitar da shi da igiya safe da yamma, amma duk da haka ya ƙi zama, to a yi aikin yanzu, domin ciwon gwiwa da ake tsoro bai kai hatsarin titi ba. Ko ka yi ko ka jira, allurar haukan kare wajibi ce kowace shekara, kuma Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, a Jihar Filato, tana cikin masu samar da ita.

Ka duba kuma ko marainansa biyu duk sun sauko. Idan ɗaya ya maƙale a ciki ko a matsematsi, cirewa ta zama dole, saboda irin wannan ya fi saurin zama ciwon daji.

Ina roƙonka kada ka bari a dandaƙe shi kamar bunsuru, ko a ɗaure masa roba, domin azaba ce mai tsanani da ke jawo ruɓewa. Likitan dabbobi ne zai yi aikin bayan ya sa shi barci, kuma yana da kyau a fara duba jininsa, tunda cututtukan kaska sun yi yawa a yankinmu, suna rage jini, suna kuma hana shi daskarewa. Za a hana shi abinci daga daren jajibirin aikin. Bayan an gama, a tsare shi kwana 10 zuwa 14 a wuri mai tsabta, a hana shi lasar ɗinkin, a kiyaye shi daga ƙuda, kuma kada a ba shi ibuprofen ko diclofenac na mutane, domin suna lalata wa kare ciki da ƙoda. A nesanta shi da mace har kusan mako 6, saboda sauran maniyyin da ya rage zai iya yin ciki, sannan a ɗan rage masa abinci, tunda karen da aka fiɗiye yana saurin yin ƙiba.