Ga mai son karatu a kan hasken UV cikin ruwan argon da zenon

Ƙanenmu, ka ce ka gama digirin farko a fiziks, kana son digiri na uku a kan yadda ruwan argon da zenon ke shanye hasken UV (ultraviolet, wanda ido ba ya gani), kana tambayar me za ka shirya, ina kuma za ka nema.

Rabin aikin nan tsafta ce. Argon yana zama ruwa a -186°C, hasken da yake fitarwa in ƙwayar zarra mai gudu ta ratsa shi, tsawon zangonsa (wavelength) nanomita 128 ne. Zenon a -108°C, nasa kusan 178. Ruwan da ya tsarkaka yana barin haskensa ya wuce, datti ne ke cinye shi: oksijin, danshi, naitirojin, methane. Naitirojin kashi kaɗan cikin miliyan ya isa ya rage ɓangaren hasken argon mai jinkirin fitowa, wanda ke ɗaukar kusan maikirosakan 1.6. Tacewar jan ƙarfe tana kama oksijin, amma naitirojin sai an bi da gas ta zirkoniyam mai zafi. Don haka ka koyi gano yoyo da heliyam, da gasa tanki ana zuƙe iska kafin a cika shi.

Hasken 128 ba ya ratsa gilashi ko kwaz. Don na'ura ta gan shi, ko a sa tagar MgF2 (magnesium fluoride, wanda hasken ke ratsawa), ko a shafa wani sinadari mai suna TPB ya mai da shi shuɗi, kusan nanomita 420. Akwai dabara ta uku: zenon kashi 10 cikin miliyan a cikin argon yana mai da galibin hasken zuwa nanomita 178, mai tafiya nesa. An gwada haka a ProtoDUNE, babban tankin gwaji na ruwan argon da ke cibiyar bincike ta CERN a Turai, a 2020. Matsalar ita ce zenon yana daskarewa a sanyin argon. In ba a surka shi da gas ɗin argon an tura a hankali ba, bututu zai toshe.

Inda sababbi ke tuntuɓe: hasken da bai iso na'ura ba, wataƙila warwatsuwa ya yi, ba shanyewa ba. A argon, kusan mita ɗaya yake tafiya kafin ya karkace. Sai ka auna a nisa daban-daban ka kwatanta da lissafin Geant4, manhajar da ke kwaikwayon tafiyar haske a kwamfuta.

Ba a manyan cibiyoyin bincike irin su Fermilab ko Gran Sasso ko SNOLAB ake neman gurbi ba, a jami'o'in da ke cikin manyan gwaje-gwajen argon da zenon irin su DUNE, XENONnT, LZ ko DarkSide ake nema. A Amurka galibi Disamba ake rufewa, kuma su ke biyan kuɗin makaranta da alawus. Ka riƙe harsunan kwamfuta Python da C++, da manhajar nazarin bayanai ta ROOT, tun kana gida. In ka rubuta wa farfesa, ka tambaye shi ko yana da tankin gwaji a ɗakin bincikensa. A can hannu ke koyo.