Haruffa masu ƙiba a jikin robar yogot: ina ne muhallinsu?

Tambaya: Ina sana'ar yogot a Ƙofar Ƙaura, cikin Katsina. Mai buga mini sitika ya yi amfani da haruffan nan masu ƙiba da zagayayyen baki tun daga sunan kaya har ranar lalacewa. Yanzu masu shaguna suna ƙorafin ba sa iya karanta kwanan watan, ina kuma tsoron a zaci ɓoyewa nake yi. Laifin haruffan ne?

Amsa: Hajiya, haruffan ba su da laifi, an dai kai su inda ba muhallinsu ba. Irin wannan salo, kamar Cooper Black da Oswald Cooper ya zana a Amurka aka fitar a 1922, don kanun talla aka yi shi. Rashin kaifin gefensa yana sa ido ya ji taushi da fara'a, shi ya sa yake karɓar sunan yogot, alewa ko allon makarantar yara. Kalma biyu ko uku, manya, shi ne iyakar aikinsa.

Abin da yake ci mini tuwo a ƙwarya shi ne zancen da nake ji kullum a shagunan buga takardu, wai gwargwadon kaurin harafi gwargwadon fitowarsa. Wannan ba gaskiya ba ne. Ido yana gane harafi ne da farin filin da ke cikinsa, kamar ramin a da e, ko ramuka biyun da ke cikin 8. Harafi mai ƙiba ya riga ya cinye yawancin wannan fili, idan kuma aka ƙanƙance shi, tawada ta ɗan bazu, raɓar firji ta kwanta a kai, sai ramin ya toshe, 3 da 6 da 8 su zama kamar an haife su rana ɗaya. A katin biki wannan muni ne kawai, amma a jikin abin da yara za su sha, wata na 3 ya koma na 8 ba wasa ba ne. Duk da haka yaron da ya koyi manhajar zane ta CorelDRAW jiya zai nuna miki zanen a fuskar kwamfuta, an ƙara masa girma ninki biyar, ya ce ai ga shi raɗau. Mai saye ba a kwamfuta zai karanta ba, a hannunsa zai riƙe, wataƙila da magariba.

Ki bar sunan yadda yake. Ranar lalacewa, lambar NAFDAC da kayan haɗi a mayar da su salo siriri kamar Noto Sans, baƙi a kan fari, wanda kuma yake da ƙ da ɗ da ɓ, domin yawancin haruffan ado ba su da su. Kafin ki biya kuɗin bugu, a fitar miki da sitika ɗaya a ainihin girmanta, ki manna a roba, ta kwana a firji, da safe ki miƙa wa dattijon gidanku ya karanto miki kwanan watan.