Idan Tsohon Kamfanin Kyamara Ya Canza Hannu

Tambaya: Ranku ya daɗe, na ji an ce kamfanin DJI na China, mai ƙera jirage marasa matuƙi, shi ne ke riƙe da kamfanin kyamara na Hasselblad yanzu. Me sabon mai kamfani zai taɓa, me kuma zai bari, don kada sunan ya zube? Lensunan da mutane suka tara fa, sun tashi aiki ke nan?

Amsa: Malam, abu na farko da ba a wasa da shi shi ne bakin kyamara, wato zoben ƙarfen da ake ɗaura lens a kai. Wanda ya kashe kuɗi a kan lensu uku ko huɗu, wannan zoben ne ya ɗaure shi da kamfanin. Misali, kamfanin kyamara na Leica na amfani da baki ɗaya tun kyamarar M3 ta 1954, shi ya sa lens mai shekara sittin ke hawa kyamarar Leica M ta yau.

DJI ta fara sayen hannun jari a Hasselblad, kamfanin ƙasar Suwidin, a 2015, daga baya ta zama mai rinjaye. Ga masu tsofaffin kaya, an fito da CFV II 50C, wani baya mai sensa (farantin da ke kama haske ya mai da shi hoto) da ake maƙalawa a gurbin akwatin fim. Ka zare na fim, ka danna wannan, kyamarar Hasselblad 500C ta 1957 ta koma dijital. Ga sababbin masu saye kuwa akwai kyamarar X2D ta 2022 mai megafiksel 100, da ma'ajiyar tarabait 1 a cikinta, da na'urar hana girgizar hoto. A ganinmu nan ne kuɗin sabon mai gida ya fi amfani: sensa, saita hoto da sauri, batir da manhaja. Ƙaramin kamfani ba ya iya ɗaukar nauyin waɗannan shi kaɗai.

Sai dai haɗa tsohon lens da sensa ba kamar sauya riga ba ne. Fim bai damu da ta inda haske ya faɗo masa ba, sensa kuwa tana son ya zo mata a miƙe. A Leica M tazarar baki da sensa milimita 27.8 ce kacal, don haka haske kan iso kusurwoyi a karkace, gefen hoto ya yi duhu ko launi ya sauya. Da Leica ta fito da M8 a 2006, ta sa siririn gilashi a gaban sensa don rage wannan matsala. Sai ga wata sabuwa: gilashin bai tare hasken infrared, wanda ido ba ya gani, sosai ba, baƙar riga ta roba ta riƙa fitowa da launin shunayya a hoto. Dole kamfanin ya raba wa masu saye filta da za su ɗaura a gaban lens.

Kafin ka sayi irin wannan kyamara, tambayi dillali ko har yanzu ana samun kayan gyara na ƙirar da ta gabata, da kuma yaushe aka yi wa manhajarta sabuntawa ta ƙarshe.