Kashin yawo da 'yan uwansa: wanne ake shafawa, wanne ake sha?

Wani manomi daga wajen Funtua ya turo tambaya, yace malam kashin yawo ya cinye min gonar gyaɗa, ana ce min maganin shawara ne, in tara in ajiye ko in ƙona? Wata baiwar Allah mai kiwon zomo kuma tana tambaya kan ciyawar nan mai farin fure da rawaya a tsakiya, wai da gaske tana tsaida jini?

To duka biyun dangi ɗaya ne da shuwaka da latas da tazargade, in ka tsinke furen ka murza zaka ga ƙananan furanni ne da yawa suka haɗu a kai ɗaya.

Hajiya, ciyawar taki ita ce masana ke kira Tridax, kuma eh, ana matse ganyen a ɗiga ruwan a ƙaramin yanka jini ya tsaya, daga nan har Indiya haka manoma ke yi. Haka ma mai furen shuɗi-shuɗi da ke warin bunsuru, Ageratum, wadda ke son fadama. Amma dan Allah a fara wanke ciwon da ruwa mai tsabta da sabulu tukun, kuma in fartanya ce ko lauje ya shiga da zurfi to ganye baya maganin tetanus, a je a yi allura. Ita mai warin bunsurun kar a kuskura a dafa a sha, akwai sinadari a cikinta da ke cin hanta a hankali, mutum ba zai ji komai ba sai abu yayi nisa.

Malam kai kuma naka ya fi damuna. Kashin yawo asalinsa daga Amurka ta Kudu ne, ƙayar nan da ke maƙalewa a wando da jelar awaki ita ke yawo da shi gona gona. Gaskiya ne masu maganin gargajiya na bada shi don shawara da ciwon ciki, to amma shawara ai alama ce hanta ko jini na cikin matsala, kuma an gwada shi a kan awaki a Sudan aka ga yana lalata musu hanta, to kaga mai idon da ya riga yayi rawaya a ƙara ɗura masa wannan ba gwaji ba awo, wallahi ni bazan baka wannan shawarar ba. A kai shi a auna jini. Gonar kuma ka nome shi tun kafin yayi ƙaya, wanda ya riga yayi ka tara ka ƙona, kar ka zuba a taki.

Tazargade ma ana yawan tambaya. Daga wani nau'insa Tu Youyou ta China ta fitar da sinadarin da ake sarrafawa a yi Coartem, maganin maleriya, har ta samu kyautar Nobel a 2015, amma hukumar lafiya ta duniya bata yarda a dafa ganyen a sha don maleriya ba, ƙarfinsa ba tabbas, sai ƙwayar cutar ta saba da maganin.

Sannan duk ganyen da za a tsinka a tambaya ko anyi feshi a wurin. Gonar da aka fesa maganin kashe ciyawa irin paraquat ko glyphosate, ko zomo kar a yanko wa ciyawa a nan balle a matsa a ciwon yaro.