Fitilun ABS, SLIP da VDC suna kamawa suna mutuwa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da Nissan 350Z ƙirar 2004, 'yar Kwatano. Kwanakin nan idan na sha kwana da ɗan gudu ko na taka birki da ƙarfi, sai fitilar SLIP da ta VDC OFF (na tsarin da ke hana mota zamewa) su kama, wani lokaci har da jar fitilar birki. Ta ABS (mai hana taya kullewa in an taka birki) kuma sai na faɗa rami take leƙowa. Ina kashe mota na sake tayarwa sai duk su mutu. Mai rewaya ya jona na'urarsa bai ga komai ba, ya ce a sauya famfon ABS gaba ɗaya. In saya ne?
Daga wani mai karatu a Kaduna

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, riƙe kuɗinka tukuna. Wanda bai ga komai a na'ura ba, ina ya ga mutuwar famfo? Ƙananan na'urorin nan masu arha kwamfutar inji kaɗai suke karantawa, mai lambobin da ke farawa da P. Na birki da C suke farawa, kuma a kwamfutar ABS suke zaune ko da fitila ta mutu. Nemi mai na'urar da ke shiga ABS, ka rubuta lambobin da hannunka, kar ka bari a goge kafin nan. Mutanenmu akwai saurin gogewa, sai a ce maka an gyara.

Kafin ma ka je, buɗe bonet a fili mai daidai ka dubi tankin man birki. Yadda ka kwatanta, nan na fi zargi. Idan fad ɗin birki ya cinye, man yakan sauka ya cike gurbin, sai ya tsaya dab da layin MIN, wato layin ƙasa na tankin. Da ka sha kwana sai ya kwaranya gefe guda, ɗan abin da ke yawo a cikin tankin ya nutse, kwamfuta ta ɗauka mai ya ƙare, ta kunna jar fitila ta janye VDC. Ka fita kwanar, mai ya dawo mazauninsa. A motocin Nissan lambar wannan ita ce C1155. Amma kar ka tuttula mai ka kama gabanka. Man birki ba ya ƙonewa kamar fetur, in ya ragu to ko fad ya cinye ko akwai yoyo. A cire tayoyi a duba kaurin fad, a bi tiyo-tiyo da bayan tayoyi a ga ko da danshi. In za a ƙara, a sa man birki nau'in DOT 3 daga sabuwar gwangwani.

Ta ABS da ke kamawa a rami, wannan wata cuta ce daban. Kowace taya tana da sensa mai ƙirga juyawarta, wayarsa kuma tana lanƙwasawa duk lokacin da ƙafar mota ta motsa. Bayan shekara ashirin takan karye daga ciki alhali robar waje lafiya lau. Lambobin C1101 zuwa C1104 su ke nuna wace taya ce. A ɗaga motar, a juya tayar da hannu, mutum ɗaya yana girgiza wayar, ɗaya yana kallon gudun tayar a na'ura. Inda gudun ya yanke a na'urar, nan ciwon yake. A duba soket ko ya yi kore, a girgiza tayar ko boris ya saki.

Sai batir: wajen bolt 12.6 a kashe, 13.5 zuwa 14.5 inji na aiki, kawunansa a ɗaure tam. Wuta in ta yi ƙasa, C1109 kan fito.

Ba ka ce mini komai kan tayoyinka ba. Motar nan tayoyin bayanta sun fi na gaba faɗi tun daga kamfani. Mai rim inci 18, lambar tayar gaba 225/45, ta baya 245/45. In wani mai faci ya haɗa maka abin da ya samu, SLIP za ta riƙa walƙiya ba dalili. Haka in an yi alaimen aka bar sitiyari a karkace, sai an sake saita sensansa.

Da fitilar ABS a kunne birki na kamawa, sai dai taya na iya kullewa, ga shi motar da ƙafar baya take ja, don haka a kwalta mai ruwa ka sassauta ƙafa. In kuwa jar fitilar ta tsaya cak, ko ka ji birki ya yi laushi yana nutsewa, ajiye ta, a kira makanike ya same ta a inda take.