Ku Tambaya, Mu Amsa: Fitilar Laba da Matsalolinta

Wasiƙun wannan fitowa duk a kan fitilar laba suke, wato fitilar adon nan mai doguwar kwalba wadda kaki mai launi ke hawa yana sauka a cikinta. Yawancin masu tambayar daga nan Zariya suke, don haka amsoshin sun yi la'akari da wutarmu da yanayinmu.

Tambaya, daga wani ɗalibi a Samaru: Assalamu alaikum. Na sayi fitilar laba a wurin 'yan gwanjo a Sabon Gari. Ina jona ta ƙwan ya yi walƙiya ya mutu. Na sa mata ƙwan LED, tana haske sosai, amma kakin ko motsi ba ya yi. Ta lalace ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, da wuya a ce ta lalace. Juya gindinta ka karanta 'yar takardar da ke manne. Idan ka ga 120V, 'yar Amurka ce, mu kuwa wutarmu 230 ce, shi ya sa ƙwan ya ƙone nan take.

Ƙwan LED kuma ba zai taɓa yi mata aiki ba, domin zafin ƙwan take buƙata fiye da haskensa. Kakin da ke ciki an haɗa shi ne ya ɗan fi ruwan kwalbar nauyi idan yana sanyi, sai ya kwanta a ƙasa. Idan ƙwai ya gasa shi ya narke, yana buɗewa fiye da yadda ruwan ke buɗewa, sai ya zama ya fi ruwan sauƙi, ya tashi sama. Can sama babu zafi sosai, sai ya huce, ya sake nauyi, ya dawo. Tazarar nauyin nan ƙanƙanuwa ce ƙwarai, kuma kusan duk matsalar da za a karanta a wannan shafi daga nan ta taso.

Abin da za ka nema shi ne ƙwai mai zare irin na da, mai 230V, wanda ƙarfinsa ya yi daidai da abin da aka rubuta a gindin. A 'yan Amurka, mai tsawon inci 11.5 tana cin wat 15, mai inci 14.5 wat 25, mai inci 16.3 wat 40, babbar nan mai inci 27 kuma wat 100. Ƙwan firji da na oben, da ake samu a shagunan kayan wuta, sukan zo a wat 15 da 25 da 40. Sai dai ka lura da bakin holda. Ƙananan 'yan Amurka da yawa E17 ne lambar faɗin bakinsu, ƙwan da ke kasuwarmu kuwa E14 ne, ya fi siriri, zai shiga yana lilo ba zai kama ba. Hanya biyu ce: ko ka sayi ƙaramar taransifoma mai sauke wuta zuwa 110 ka ci gaba da neman ƙwan Amurka, ko ka kai wa mai gyaran wuta ya canza holdar zuwa E14 ta tangaran. Mun fi son ta biyu, don ƙwan zai riƙa samuwa. Ka ce masa ya bar sabuwar holdar a tsayin da tsohuwar take, domin ko santimita ɗaya ƙwan ya yi nisa da gindin kwalba, za ka ga bambanci. Ya kuma duba waya da makunni, tunda gindin ƙarfe ne.

Tambaya, daga wata uwargida a Tudun Wada: Lokacin sanyi fitilata sai ta yi awa uku kafin ta fara motsi, wani lokacin ma kakin ya yi tudu a ƙasa ya ƙi tashi. Da bazara ta shigo kuma sai ya farfashe ƙanana-ƙanana ya taru a sama. Maigida ya ce a ɗan ɗora kwalbar a kan risho don ta yi saurin narkewa.

Amsa: Hajiya, mu fara da risho. Don Allah kada a yi. Kwalbar a rufe take gam, kuma ba a yi gilashinta don harshen wuta ba. A 2004, a jihar Washinton ta Amurka, wani matashi ya ɗora irin wannan kwalba a kan murhu, ta fashe, tsinin gilashi ya soke shi a ƙirji ya rasu. Ƙwanta kaɗai ne zai ɗumama ta.

Fitilarki lafiyarta lau. Masu ƙera ta sun daidaita ta ne da ɗaki mai ɗumin digiri 20 zuwa 24. Zariya kuwa a Disamba da Janairu asuba kan sauko ƙasa da haka sosai, a Maris da Afrilu kuma rana kan haura 35. A hunturu kakin yana daskarewa kamar yadda manja ke yi a galan, don haka jinkirin awa biyu zuwa uku ba abin damuwa ba ne. Dogayen sandunan da yake fara fitarwa su sandare kafin ya narke duka, su ma haka aikin yake. Ki ɗauke ta daga bakin taga da ƙarƙashin fanka, kada ki ajiye ta a kan siminti ko tayil mai sanyi, ki ɗora ta a kan katako.

Akwai kuma ƙarancin wuta, wanda ba kowa ke tunawa da shi ba. Idan wuta ta sauko daga 230 zuwa wajen 180, ƙwai mai wat 40 yana rasa kusan kashi ɗaya cikin uku na zafinsa. Zai ci gaba da haske, ja-ja, amma kakin zai narke ya yi tudu ya zauna. In kin ga haka da yamma lokacin da kowa ya kunna kayan wuta, ki jona ta a sitabilaiza.

Abin da kike gani da bazara kuwa zafi ne ya yi mata yawa. Saman kwalbar bai yi sanyin da zai huce kakin ba, shi ya sa ba ya dawowa. Ki kashe ta da zarar kin ga ƙananan ƙwallaye sun yi yawa. Maganin dindindin shi ne makunnin rage haske, irin wanda ake murzawa, a sa shi a kan wayarta: a buɗe shi duka har kakin ya narke, sannan a ɗan rage. Kada a yi akasin haka, wato a ƙara mata ƙwai mai ƙarfi don maganin sanyi. A ko wane yanayi, awa shida a jere sun isa, da bazara ma huɗu, sannan a bar ta ta daskare gaba ɗaya kafin a sake kunnawa.

Tambaya, daga wani magidanci a Gyallesu: Yaro ya ɗauki kwalbar tana da zafi ya girgiza. Yanzu ruwan ya yi fari kamar an zuba madara. Akwai gyara?

Amsa: Malam, Allah ya tsare yaron bai ƙone ba. Abin da ya faru shi ne narkakken kakin ya tarwatse zuwa ɗigo-ɗigo ƙanana da suka rataye a cikin ruwan. Kafin ka taɓa marfi, gwada wannan: kashe ta, ka bar ta kwana ɗaya cur ba motsi. Sai ka kunna har kakin ya fara laushi, ka kashe, ta huce, ka sake. Ka maimaita haka sau takwas zuwa goma cikin mako. Sau da yawa ɗigon kan koma jikin babban kakin, ruwan ya washe. Muna nanata haƙuri a nan domin kwalbar da aka buɗe ba kasafai take komawa yadda kamfani ya yi ta ba.

Idan mako biyu sun wuce babu canji, to sai canjin ruwa. Za ka buƙaci tataccen ruwa, gishirin Epsom daga kemis, sirinji mai mil 5 ko 10, sabulun wanke kwano na ruwa marar launi, da ƙaramar sukuddireba. Kwalbar fitila mai inci 14.5 tana cin ƙasa da mil 600, ta inci 16.3 kuma kusan lita ɗaya da rabi. Game da ruwan, kada ka yi amfani da na rijiya ko na burtsatse ko fiya wata, duk suna da ma'adinan da ke dusashe kwalba. Idan wurin masu batir za ka saya, ka tabbatar tataccen ruwa zalla aka ba ka, domin akwai wanda aka haɗa da asid. Shagunan kayan ɗakin gwaje-gwaje sun fi aminci. Gishirin miya ma ba ya yi, yana da sinadaran da ke hana ruwa washewa, kuma yana sa sifirin, wato nannaɗaɗɗiyar wayar ƙarfen da ke kwance a gindin kwalbar, tsatsa.

Sai fitilar ta kwana a kashe, kakin ya yi tauri. Marfin ainihi yana ƙarƙashin hular ado, kuma a yawancinsu irin na kwalbar lemo ne. Ka bi haƙoransa ɗaya bayan ɗaya kana ɗagawa kaɗan-kaɗan, kada ka lanƙwasa shi, don da shi za ka sake rufewa. Tsiyaye tsohon ruwan, ka ɗauraye da tataccen ruwa mai sanyi sau biyu ko uku, kana zubawa ta jikin gilashi ba tare da girgizawa ba. Cika da sabon ruwa, ka bar sarari kamar santimita uku zuwa huɗu a sama, domin ruwa da kaki suna buɗewa idan sun ji zafi. A kofi daban, ka narkar da gishirin Epsom a tataccen ruwa mai ɗumi har sai ya daina narkewa, ka tace.

Yanzu ɗora kwalbar a kan gindinta a buɗe, ka kunna. Bayan kamar awa biyu kakin zai narke ya yi tudu amma ba zai tashi ba, saboda ruwa zalla bai kai nauyin da zai ɗaga shi ba. Ka ɗiga ruwan gishirin mil biyu ko uku ta gefen gilashi, ka jira minti goma sha biyar, ka duba. Za ka ga tudun yana ƙara tsawo, yana yin wuya, har ƙwallo na farko ya tsinke ya tashi. Da ka ga haka, ka tsaya. Gaggawa ce ke ɓata aikin nan: in gishiri ya yi yawa, kakin duka zai haye sama ya zauna, sai ka zuƙe wani ruwan da sirinji ka mayar da zalla. Sabulu kuma ɗigo ɗaya za ka narkar a cokalin ruwa, ka riƙa sa ɗigo-ɗigo daga wannan haɗin. Shi ke hana kaki manne wa gilashi, yana kuma sa shi rabuwa da kyau. In ya yi yawa, ƙwallayen za su zama ƙanana, ruwan ya sake dusashewa. Ka yi wannan daidaitawa a ɗakin da fitilar za ta zauna, a lokacin da ka saba kunna ta, domin wadda aka daidaita da sanyin asubar Janairu za ta yi rawar kai a Afrilu. Ka rufe marfin tana da ɗumi, ka matse haƙoransa da kilif irin na tiyon mota.

Tambaya, daga Hanwa: Sifirin ɗin da ke gindin kwalbar ya miƙe tsaye, ya maƙale a cikin kakin.

Amsa: Yakan faru idan an kwantar da kwalbar a hanya. Ka bar ta a kunne awa uku zuwa huɗu har komai ya narke, galibi zai faɗa da kansa. In ya ƙi, sa tsumma ka riƙe kwalbar tana zaune a kan gindinta, ka murza ta a hankali hagu da dama. Kada ka raina wannan sifirin: shi ke tara zafi a ƙasa, shi kuma ke fasa fatar ƙwallon da ya sauko don ya haɗe da sauran.

Tambaya, daga wata ɗaliba a Kongo: Tawa ruwanta fari ne, kakin rawaya. Ina so ta koma shuɗiya, kuma in yi wa gindin fenti.

Amsa: Ƙanwata, rina ruwa ya fi rina kaki sauƙi nesa ba kusa ba. Kalar abinci ta ruwa, wadda masu kek ke saya, ita ake sawa, ɗigo ɗaya a lokaci guda, fitilar tana kunne don ki ga ainihin launin. Amma ki tuna ta cikin ruwan za ki riƙa hango kakin, don haka rawaya a cikin shuɗi kore zai bayyana. Ɗigo biyu ko uku sun isa ƙaramar kwalba, in ya yi duhu haske ba zai kai sama ba. Kaki kuwa sai rinin kyandir mai narkewa a mai. Fentin mai da kalar zanen yara gari ne a cikinsu, zai zauna a ƙasa ya ɓata sifirin. Kuma launi mai haske ne ke komawa mai duhu, ja ba zai dawo rawaya ba.

Gindin kuma ki cire ƙwai, ki toshe holda da takarda, ki goge da samfefa mai laushi, ki fesa fenti mai jure zafi shafi biyu marasa kauri. Kada fenti ya shiga ciki, kada kuma ya toshe ramukan iska in tana da su. Bayan haka ki nisanta ta da hasken rana, yana kashe launin ruwan.

Tambaya, daga wani dattijo a Kofar Doka: Ina sha'awar tara tsofaffi. Ta yaya zan gane mai daraja?

Amsa: Baba, Allah ya ƙara lafiya. Asalinta Ingila ne. Edward Craven Walker ya fito da ita a 1963 da sunan Astro, a ƙarƙashin kamfaninsa Crestworth da ke garin Poole, wanda ya koma Mathmos a 1992. A 1965 wasu 'yan kasuwa suka sayi izinin ƙera ta a Amurka, suka riƙa yin ta a Cikago da sunan Lava Lite. Saboda haka sunan Crestworth a gindi alama ce ta tsufa, kuma 'yan Ingila suna da wata fa'ida a gare mu, wutarsu ɗaya da tamu. A tsofaffin 'yan Amurka kuwa ana neman irin su Century da Aristocrat.

Kafin a biya kuɗi, a ɗaga kwalbar a hasken rana a duba tsagewa, musamman a gindi. Mai tsaga ba ta da gyara. A duba ko hular ta asali ce, ko kwalbar ta zauna daram a gindinta, domin 'yan gwanjo kan haɗa kwalbar wata da gindin wata. Ruwan da ya ragu ƙwarai yana nuna marfi na shan iska. A roƙi mai kaya ya kunna ta, a koma bayan awa biyu a gani. Masu ƙera ta kan ƙiyasta wa kwalba aikin awa 2,000, don haka kakin da ya yi diddiga ko yake kwanciya shimfiɗe duk da ƙwai mai kyau ya gaji ne. Tsofaffin na shekarun 1960 kuma, kakin wasunsu yana da sinadari mai guba, a bar su a rufe yadda aka same su, a ajiye a tsaye, inda jikoki ba za su kai hannu ba.