Ƙafar ƙwaron nan mai ɗigo-ɗigo tana sake fitowa?

Malam, ka tambaya ko jan ƙwaron nan mai baƙaƙen ɗigo, mai cin darɓa a gonarka ta kuɓewa a Mai Wurno, yana mayar da ƙafar da ta guntule. Ya danganta da lokacin. Idan tun yana tsutsa ta cire, sabuwa takan fito a kwanakin da ya manne jikin ganye ba motsi yana rikiɗa, ko da yake rikiɗar takan ɗan ja lokaci. Wanda ya yi fiffike kuwa ya daina saɓa, haka zai ƙare da ƙafa 5.

Kada ka ɓamɓare wanda ya manne jikin ganye yana rikiɗa don dubawa, yana iya mutuwa. Kafin feshin darɓa kuma, tuntuɓi malamin gona, don maganin kan kashe har da ƙwaron nan mai ɗigo-ɗigo.